FASHIN BAƘI: Barb da loci a tanki ɗaya: sharuɗɗan zaman lafiyarsu da kogunan da ake kwaso su

A manyan shagunan sayar da kifayen ado, daga Jakarta har Landan, akwai wasu kifaye biyu da mai saye kan ɗauka ’yan gida ɗaya ne. Dukkansu launin lemu gare su da baƙaƙen ratsi, kuma a lokacin da ake sayar da su tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Na farko shi ne barb mai ratsi huɗu, wanda ’yan kasuwa ke kira taiga. Na biyu wani nau’i ne na dangin loci mai ratsi uku, wanda mutanen Indunusiya ke kira botiya. Idan aka zuba su a tankin gilashi ɗaya, sau da yawa sukan haɗe su riƙa yawo tare, har sai mutum ya ƙura ido kafin ya bambance su.

Shi ya sa sababbin masu kiwo ke yawan tambaya ko za su zauna lafiya. Amsar a taƙaice ita ce e, za su zauna. Sai dai kama da wane ba ta wane. Taiga yakan tsaya a wajen santimita 7, ya rayu shekara shida ko bakwai. Botiya kuwa zai iya kaiwa santimita 30, ya haura shekara 20 a raye. Wanda ya saye su rana ɗaya ya ɗauki alƙawari biyu masu bambancin nauyi, kuma ba kowane mai shago ne ke gaya masa ba.

Su wane ne su?

Barb da loci laƙabi ne, kowanne ya rufe ɗaruruwan nau’o’i. Masana sun sa su duka a babban rukunin da suke kira Cypriniformes. Barb ƙananan kifaye ne masu kuzari da ke yawo a garke a tsakiyar ruwa, kuma Afirka na da nata: akwai ƙananan barb na jinsin Enteromius a Kogin Neja da Binuwai da yankin Tafkin Cadi. Loci kuwa mazauna ƙasan ruwa ne masu gashin baki, kuma yawancinsu ’yan Asiya ne. A duk faɗin Afirka, a Habasha da Maroko kaɗai ake samun su a matsayin ’yan asali. Mai karatu da ke son ya kwatanta su a ransa sai ya tuna da kurungu: zaman ƙasa, gashin baki, son ɓuya da ƙaya mai kaifi, kodayake ba dangi ba ne.

Wani likitan sojan Holan mai suna Pieter Bleeker, wanda ya yi aiki a Batabiya, wato Jakarta ta yau, shi ne ya fara rubuta bayanin su biyun a ilimance: botiya a 1852, taiga a 1855. Dukkansu daga ruwayen Indunusiya suka fito, musamman tsibirin Sumatara, kuma ana samun botiya da ’yan uwan taiga na kusa a tsibirin Borniyo. Tushen jituwarsu ke nan. Ruwa mai ɗumi suke so su duka, wajen digiri 25 zuwa 27 ya ishe su tare. Ɗaya yana tsakiyar tanki, ɗaya yana ƙasa, saboda haka ba sa jayayya kan wuri. Kuma botiya ba shi da dogayen fikafikai masu lilo da ke jan hankalin taiga, ga shi da saurin da ba a cim masa da sauƙi.

Taiga da halinsa na cizo

Sunan da taiga ya yi a duniyar masu kiwo shi ne na mai yagar fikafikan maƙwabta. Zargin gaskiya ne, amma yana da dalili. A cikin garken taiga kullum ana gwada ƙwanji, musamman tsakanin maza, domin kowa ya san matsayinsa. Idan garken na da yawa, korar juna da ɗan cizon sukan watsu a tsakaninsu, babu wanda ke shan wahala shi kaɗai. Idan kuwa uku ko huɗu ne kawai, sai mafi ƙarfi ya addabi mafi rauni, ko su duka su juya kan duk wani kifin da ke kusa.

Abin da sabon mai kiwo kan yi a nan shi ne akasin abin da ya dace. Ya ji an ce kifin na da faɗa, sai ya sayi biyu don ya rage fitina, alhali ƙarancin ne ke haifar da ita. Shida shi ne mafi ƙarancin adadin da aka saba ba da shawara, takwas zuwa goma sha biyu sun fi, a tankin da bai gaza lita 100 ba. Ko da an cika wannan sharaɗi, kifaye masu dogayen fikafikai da tafiyar ƙasaita, irin su gofi da beta, ba abokan zaman taiga ba ne.

Akwai kuma matsalar da ba a cika lura da ita ba, wato abinci. Taiga hadamamme ne. Abin da aka yayyafa a saman ruwa yakan ƙare kafin ya nutse, sai mazauna ƙasa su kwana da yunwa. Wasu masu shago na tallata loci a matsayin mai sharar tanki, wanda zai rayu da ragowar wasu. Wannan magana ta kashe kifaye masu yawa. Loci na buƙatar nasa rabon: ƙwayoyin abinci masu nutsewa, tsutsotsi, ɗan kokwamba ko kabewa, kuma ya fi kyau a ba shi bayan an kashe fitila. Yana cin dodon koɗi, har wasu na sayen sa don wannan kaɗai. Amma idan dodon koɗin ya ƙare cikin makonni, kifin yana nan, da sauran shekarunsa a gaba.

Botiya, ƙaramin da ba ya tsayawa ƙarami

Sunansa na ilimi Chromobotia macracanthus, kuma ɓangaren na biyu na nufin mai babbar ƙaya. A ƙarƙashin kowane idonsa akwai ƙaya mai baki biyu da ke kwance a cikin fata, yana miƙe ta idan ya tsorata. Takan sarƙe a raga, takan huda leda, takan kuma soki hannu, don haka masu gogewa sukan kama shi da roba ko kwano. Yana da wasu halaye da ke ruɗa baƙo. Yakan kwanta a gefe ɗaya kamar matacce alhali hutawa yake. Yakan yi ƙara ƙas-ƙas da ake ji daga wajen tanki lokacin cin abinci. Idan biyu na jayayyar shugabanci, launinsu kan dushe ya koma toka-toka har sai an sasanta.

Shi ma ɗan garke ne, har ya fi taiga buƙatar ’yan uwansa. Botiya ɗaya tilo yakan ɓuya ya rame, ko ya zama mafaɗaci. Biyar ko shida ake so. To, a nan lissafin ke sauyawa. Garken manyan botiya na buƙatar tanki mai tsawon santimita 180, wanda ke ɗaukar wajen lita 600. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan ana maganar fiye da rabin tan, ban da gilashi da yashi da duwatsu. Ba kowane falo ne zai ɗauki wannan ba, balle ɗakin haya a bene.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne jinkirin girmansa. Shekara ta farko da ta biyu komai yakan tafi daidai a ƙaramin tanki, har mai shi ya ɗauka masu gargaɗi sun cika tsanani. Akwai ma maganar da ke yawo cewa kifi yakan girma ne daidai da tankinsa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne tsumburewa: cunkoso da gurɓataccen ruwa suna hana shi girma, suna kuma rage masa kwana. Kifin da zai iya ganin yaro ya shiga firamare har ya gama jami’a sai ya mutu a shekara ta uku, mai shi ya ce ajali ne.

A ra’ayina, mafi yawan masu sayen botiya bai kamata su saye shi ba. Akwai ’yan uwansa da suka fi dacewa da tankin gida mai tsawon santimita 120. Loci yoyo na arewacin yankin Indiya yakan tsaya a wajen santimita 15. Loci mai zanen jakin dawa, Botia striata, ba ya wuce santimita 9 ko 10. Akwai kuma ɗan ƙaramin loci mai zanen sarƙa na ƙasar Tailan, wanda ke tsayawa a wajen santimita 6. Dukkansu suna iya zama da taiga idan an tara su a garke, an shimfiɗa musu yashi mai laushi maimakon tsakuwa mai kaifi da ke cinye gashin baki, an kuma tanadar musu maɓoya fiye da adadinsu.

Haɗin da ba ya yiwuwa

Ba kowane barb ne ke dacewa da kowane loci ba, kuma sau da yawa ba faɗa ne ke raba su ba, zafin ruwa ne. Barb na Denison, mai jan layi daga hanci zuwa tsakiyar jiki, ɗan kogunan tsaunukan kudu maso yammacin Indiya ne masu gudu da sanyi-sanyi, kuma ya fi jin daɗi ƙasa da digiri 25. Botiya kuwa daga 25 zuwa 30 yake so. Za su iya rayuwa tare na wani lokaci, amma dole ɗaya ya kasance a takure. Haka loci dojo na gabashin Asiya da locin da ke manne wa duwatsu a rafukan tsauni, ruwa mai sanyi suke buƙata.

Loci kuli, siriri mai kama da ƙaramin maciji, wanda ke tona yashi yana fitowa da dare, ba shi da ƙarfin gogayya da taiga wajen abinci. Abokin zamansa shi ne barb ceri na Siri Lanka, ɗan santimita 5 mai sanyin hali. A ɗaya gefen kuma akwai locin da su ne masu cin zali, kamar Yasuhikotakia morleti da jinsin Syncrossus, waɗanda kan addabi maƙwabta da dare lokacin da mai tanki ke barci. Sannan akwai barb mai ƙyallin azurfa, Barbonymus schwanenfeldii, da ake sayarwa yana ɗan mitsitsi amma yakan kai santimita 35.

Farin ɗigo da wutar lantarki

Ko an dace da zaɓi, akwai cutar da ke bambanta ƙarfin kifayen biyu. Ita ce cutar farin ɗigo, wadda wata ƙwayar halitta mai suna Ichthyophthirius multifiliis ke haddasawa, inda jikin kifi kan fito da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Botiya ne kan fara kamuwa, domin ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai, a nutse cikin fata. Wannan rauni ne kuma ke sa magungunan cutar, musamman masu sinadarin jan ƙarfe, su yi masa illa a ma’aunin da taiga zai jure. Shi ya sa masu kiwo suka saba fara masa da rabin ma’auni. Hanya mafi aminci ita ce killace duk sabon kifi a wani tanki dabam na mako uku ko huɗu kafin a haɗa shi da na gida.

Akwai kuma batun tsufan tanki. Kashin kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a matatar ruwa su ne ke juya ta zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Loci ba ya jure sabon tanki, don haka shi ne ya kamata ya shiga a ƙarshe.

Mai kiwo a Kano ko Abuja ko Yamai yana da ƙarin abin dubawa da littattafan Turai ba sa ambata. Bakteriyar matata na buƙatar iskar oksijin da gudun ruwa ke kawo musu, don haka idan wuta ta ɗauke na sa’o’i masu yawa sukan fara mutuwa, gubar ta taru. A bazara, ruwan tanki a ɗakin da babu na’urar sanyaya iska kan haura digiri 30, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai, ga loci kifin kogi ne mai buƙatarta da yawa. A hunturu kuma faɗuwar zafi cikin dare kan raunana kifi, farin ɗigo ya samu ƙofa. Wanda ba shi da sola ko inbata, ko aƙalla famfon iska mai batir, gara ya haƙura da loci tukuna.

Daga wane kogi?

Taiga da ceri da ake gani a shaguna kusan duk a gonakin kifi aka ƙyanƙyashe su, domin suna hayayyafa cikin sauƙi. Botiya dabam ne. A dawa, manyansa sukan yi ƙaura a cikin kogi don zuba ƙwai a lokacin damina, kuma da wuya ƙwarai su hayayyafa a tankin gida. Shekaru da dama kasuwar duniya ta dogara ne da ’ya’yan da ake kamawa a koguna irin su Batang Hari da Musi a Sumatara, da Kapuwas a Borniyo. Dabarar masuntan mai sauƙi ce: sukan rataya guntayen gora masu ramuka a cikin ruwa lokacin ambaliya, ƙananan kifin su shige don ɓuya, sai a ɗago a zazzage. Wani ƙiyasi na masu bincike a Singafo a 1997 ya sa adadin da ake fitarwa a wajen miliyan 20 a shekara.

Ga ƙauyukan bakin waɗannan koguna, wannan sana’a ce ta gaske, kuma duk mai kiran a haramta kamun baki ɗaya ya kamata ya faɗi abin da masuntan za su koma yi. Gwamnatin Indunusiya ta bi hanyar tsaka-tsaki. A 2014 ma’aikatar harkokin teku da kamun kifi ta ƙasar ta hana fitar da botiyan da bai kai santimita 3.5 ba, da wanda ya wuce santimita 10, domin a bar iyaye a kogi. A gefe guda kuma, masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da takwarorinsu na cibiyar binciken kifayen ado da ke Depok, kusa da Jakarta, sun samar da hanyar sa shi hayayyafa ta allurar sinadarin homon. Yanzu wani kaso na botiyan kasuwa daga gona yake fitowa. Sai dai dokar girman kifi ba ta taɓa abin da ke faruwa da kogunan kansu ba: sare dazuka, gonakin kwakwar manja da haƙar zinare ba bisa ƙa’ida ba, waɗanda ke gurɓata ruwan da kifin ke zuba ƙwai.

Labarin Indiya ya fi zafi. Barb na Denison, wanda aka yi wa suna da Sir William Denison, gwamnan Madras na zamanin mulkin Ingila, an san shi a ilimance tun 1865 ba tare da ya dami kowa ba. A ƙarshen shekarun 1990 ya yi fice a baje kolin kifayen ado na Aquarama a Singafo, ’yan kasuwa suka laƙaba masa Mis Kerala, aka shiga kwasar sa daga ’yan kogunan da yake da su a jihohin Kerala da Karnataka. Daga baya ya shiga jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa na ƙungiyar IUCN. Wani bincike da Rajeev Raghavan da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya gano cewa tsakanin 2005 da 2012 an fitar da kifayen ruwan daɗi fiye da miliyan 1.5 daga Indiya, na nau’o’i 30 da ke cikin haɗari. Daga cikin waɗanda suka fi yawa a lissafin akwai barb na Denison da locin nan mai zanen jakin dawa, wato daidai irin haɗin barb da loci da ake yabawa a shaguna.

Gwamnatin Kerala ta yi yunƙurin kare Mis Kerala ta hanyar rufe kamun sa a wasu watanni, galibinsu na damina, bisa zaton cewa a lokacin yake hayayyafa kamar sauran kifayen yankin. Da masana suka bi diddigi a wani nazari na 2011, sai suka tarar cewa tsakanin Oktoba da Maris yake zuba ƙwai. Ma’ana, an rufe kogi a lokacin da kamun bai fi illa ba, an bar shi a buɗe a mafi yawan lokacin da mata ke ɗauke da ƙwai. Duk mai bibiyar yadda ake tsara dokokin muhalli a ofis kafin a tambayi masu bincike zai gane wannan salo. Abin da ya rage matsin a kan kogunan daga baya shi ne fara ƙyanƙyasar kifin da yawa a gonakin kudu maso gabashin Asiya.

Matsalar tana da wani ɓangare a ƙarshen tafiya, lokacin da kifi ya fi ƙarfin tanki ko mai shi ya gaji. Shaguna ba su cika karɓar manya ba, wasu masu kiwo kuwa sai su juye su a rafi mafi kusa suna ganin jinƙai suka yi. Ana danganta bazuwar loci dojo a kogunan kudu maso gabashin Ostireliya da wasu sassan Amurka da irin wannan saki, kuma a can yana gogayya da kifayen asali. Kifin ruwan ɗumi da aka saki a ƙasa mai zafi ba shi da sanyin da zai kashe shi, don haka haɗarin ya fi girma a yankuna irin namu.

Mai saye yana da ’yancin tambayar mai shago ko kifin daga gona yake ko daga kogi, da girman da zai kai, da tsawon lokacin da ya yi a shagon. Amsar tana bambanta daga nau’i zuwa nau’i. Loci mai zanen jakin dawa ya daɗe yana zuwa kasuwa daga kogunan Yammacin Ghats. Ɗan ƙaramin nan mai zanen sarƙa, Ambastaia sidthimunki, akasin haka ne: ya yi ƙaranci ƙwarai a yankin Kogin Mae Klong inda ya samo asali, dokar Tailan ta ba shi kariya, kuma waɗanda ake sayarwa a yau a gona ake ƙyanƙyashe su da allurar homon.